A Kula Da Ƙafafun Gaba Na Tsofaffin Babura

Tun daga shekarar 1975, lokacin da aka biya ma'aikatan Gwamnati kuɗin Udoji, babur ya zama dokin ƙaramin ma'aikaci a ƙasar nan. Malaman makaranta da akawuna da malaman gona sun sayi Honda da Suzuki da Yamaha, wasu daga cikin baburan nan kuwa sun daɗe har 'ya'ya sun gada. Faɗuwar darajar Naira a 1986 ta sa sabon babur ya fara gagarar talaka, janye tallafin man fetur da sakin Naira a 2023 kuma suka ƙara tsananta al'amarin. Saboda haka dole mutane su riƙe tsohon da ke hannunsu, su yi ta lallaɓa shi. Wannan ba laifi ba ne. Laifin yana wajen yadda ake gyaran.

Mai babur yakan kula da inji, domin in inji ya ƙi tashi tafiya ta fasa. Amma ƙafafun nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, waɗanda makanikai ke kira shok, ba safai ake waiwayarsu ba, don ko sun lalace babur yana tafiya. Alhali kuwa ran mahayi a kansu yake.

Kowace ƙafa bututu biyu ne, ɗaya na zamewa cikin ɗaya. A ciki akwai sifirin mai ɗaukar nauyi, da mai wanda ke bi ta wasu ƙananan huji don ya rage saurin lotsawa da dawowar sifirin. A bakin bututun akwai zoben roba, watau sil, mai tsare man. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji takan kankare bututun, ruwan damina ya kawo tsatsa, tsatsar ta yanke robar, mai ya fara tsiyaya. Da zarar mai ya ƙare, sai tayar gaba ta riƙa tsalle a kan gargada maimakon ta kama ƙasa, in an taka birki kuma gaban babur ya nutse gaba ɗaya. Mafi muni, man da ke zuba yakan gangara ya jiƙa birki da taya. Mutumin da ya goyo matarsa da ɗansa a kan irin wannan babur ba shi da abin da zai tsai da shi ranar da akuya ta gitta masa.

Gyaran gaskiya ba shi da wuyar fahimta. Za a ɗaga gaban babur, a cire taya, a kwance ƙafafun duka biyu, a buɗe murfin sama a hankali saboda ƙarfin sifirin. A tsiyaye tsohon mai, a wanke komai sarai. A mirgina bututun ciki a kan abu mai shafe kamar gilashi, don a ga ko ya lanƙwashe. A auna tsawon sifirin a gwada da abin da kamfanin da ya ƙera babur ɗin ya ƙayyade, in ya gajarce a sake shi. A sa sabon sil da sabuwar robar tare ƙura, sa'an nan a zuba man da ya dace, daidai ma'auni, kuma daidai wa daida a ƙafafun biyu. In ɗaya ta fi ɗaya mai, aikinsu ba zai zo ɗaya ba.

Abin takaici shi ne abin da ake gani a gindin bishiyoyi ya saɓa wa wannan. Wani ya ɗaura tsumma a bututu don ya shanye man da ke zuba. Wani ya ɗura baƙin man da aka juye daga inji, mai cike da datti. Wani ya gasa lanƙwasasshen bututu da wuta ya miƙe shi da guduma, ƙarfen ya yi rauni, yana jiran ramin da zai karya shi. Wani kuma ya gyara ƙafa guda don mai babur ya ce kuɗinsa ba su kai ba. Araha dai ba ta ado, kuma kuɗin sil biyu da ɗan mai ba su kama ƙafar kuɗin ɗorin karaya ba.

Don haka akwai aiki a gaban kowa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar ababen hawa na jihohi, kamata ya yi su wuce tambayar takardu da hular kwano. Duba ƙafafun gaba ba ya cin minti guda: a kama birki, a danna kan babur, a dubi bututu ko ya jiƙe. Hukumar kula da ingancin kayayyaki kuma ta sa ido a kan kayan gyaran da ke shiga manyan kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, domin sil na jabu yakan fara yoyo tun ba a je ko'ina ba, ya jawo wa makaniki mai gaskiya zargi. Makarantun koyon sana'a na Gwamnati su buɗe ƙofa ga yaran makanikai, ko da da yamma ne, su koyi aiki da ma'auni maimakon kintace. Ƙungiyoyin makanikai su ma su tsawata wa 'ya'yansu masu aikin ganin ido.

Amma babban nauyi yana kan mai babur. Ma'aikacin da ke goge baburinsa kowace safiya kafin ya tafi ofis, da ɗalibin da ya ari na mahaifinsa, su ne za su fara ganin ɗigon mai a jikin bututu. Ranar da suka gan shi, ranar ya kamata a kai babur wurin gyara, kada a jira ƙarshen wata. Tsohon babur da aka kula da shi yana iya yin wasu shekaru masu yawa yana aiki. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.