Tsaron Batsari da Safana: bayan rabon motoci, wa zai sayi taya?

A watan Oktoban 2023 ne Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina, ya kuma raba mata motoci ƙirar Hilux da babura. Batsari da Safana, da ke bakin dajin Rugu, na cikin ƙananan hukumomin da aka yi wannan tanadi dominsu. An ɗauki hotuna, an yi jawabai. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne wanda zai riƙa biyan kuɗin taya.

Motar sintiri a wannan yanki ba kwalta kawai take bi ba. Daga Ruma da Wagini zuwa Runka da ƙauyukan da ke bayansu, akwai burji da rairayi da duwatsu, ga zaizayar damina. Kowane rami da mota ta faɗa da gudu yana iya karkata saitin ƙafafunta ko ya lanƙwasa wili. Daga nan taya ke fara cinyewa ta gefe guda, sitiyari ya kama rawa a hannun direba.

Bakanike na iya karanta ciwon mota a jikin tayarta. Idan tsakiyarta ya riga sudewa, iska ta yi yawa. Idan gefuna biyu ne, iskar ta yi kaɗan. Idan gefe ɗaya ne, saitin ƙafa ya goce. Cinyewa mai tudu da kwari kuwa alama ce ta shokazoba da ta mutu. Zanen taya da ya gaza milimita 1.6 ba ya riƙe laka, birki ma ba ya kamawa da wuri. Ga motar da ke ɗauke da jami'ai zuwa ƙauyen da aka kai wa hari cikin dare, fashewar taya a hanya na iya zama sanadin rasa rayuka.

Tsada ta ƙara dagula lamarin. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa a Najeriya a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008, ƙasar ta dogara da tayoyin waje. Faɗuwar darajar naira daga Yunin 2023 ta ɗaga farashinsu. Shi ya sa masu akori-kura da ke jigilar hatsi zuwa kasuwanni suke komawa ga tayoyin gwanjo, duk da cewa doka ta hana shigo da su. Kowa na iya duba shekarun taya: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Siyasa ta fi son sayen sabo, domin shi ake yi wa biki, gyara kuwa ba ya shiga labarai. Don haka tambayoyin da ya kamata matasan Batsari da Safana su yi wa 'yan majalisarsu na jiha a bayyane suke: nawa aka ware a kasafin kuɗi don kula da motocin tsaro, motoci nawa ne ke kan hanya a yau, kuma wa ke duba tayoyinsu kafin su fita? Ko da sulhu ya kawo sauƙin hare-hare, lokacin zaman lafiya ne ya fi dacewa da gyara, tun ba a sake bukatar gudu ba.