Haɗarin Masana'antu da Harshen Gargaɗi: Darasi Daga Majiya

Ni mutumin Guri ne, a fadamar kogin Haɗejiya, kuma hanyar da nake bi zuwa makaranta ita ce ta ratsa garin Majiya a Ƙaramar Hukumar Taura. A nan ne, a daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife. Mai ya malala cikin kwata, jama'a suka fito ɗiba, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Wasu sun ce ƙaddara ce, wasu sun ce talauci ne. Ban musa ko ɗaya ba. Amma a ganina akwai wani dalili da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Hausa, watau ilimin kiyaye haɗari bai shiga harshen mutanen da haɗarin yake ci ba.

Masana sha'anin masana'antu sun nuna cewa babbar masifa ba ta aukuwa sai shingaye da dama sun faɗi a jere: tsarin ginin, duba na'urori, horar da ma'aikata, sannan sanar da maƙwabta. Abin da ya faru a birnin Bhopal na Indiya cikin Disamba, 1984, ya ishe mu misali. Ruwa ya shiga tankin wani sinadari a masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide, alhali na'urar sanyaya tankin tana kashe, wadda za ta ƙone iskar gubar kuma ba ta aiki. Dubban mutane suka hallaka, yawancinsu talakawan da ke zaune a gefen masana'antar, waɗanda ba a taɓa koya musu abin da za su yi ba.

Wannan shinge na ƙarshe shi ne ya faɗi a Majiya. Mutum nawa ne a karkararmu aka taɓa yi wa bayani da Hausa cewa tururin fetur shi ke kama wuta, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya cikin kwata, har tartsatsi ɗaya daga nesa ya isa ya tayar da shi? Gargaɗin da ke jikin tankoki galibi da Turanci yake.

Kada a ɗauka maganar ta tsaya ga tanka. A Guri manomin rani yana ajiye jarkar fetur na injin ban-ruwa a ɗakin kwanansa, yana feshin maganin da bai iya karanta takardarsa ba. A masana'antun gyaran shinkafa kuwa akwai tukwanen tururi, waɗanda Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a riƙa duba su lokaci-lokaci. To, leburan da ke tsaye a gabansu ya san ma'anar allurar da ke nuna ƙarfin tururin?

Saboda haka ina roƙon malamanmu su haɗa kai da malaman injiniya da na kimiyyar sinadarai, a tsara kalmomin kiyaye haɗari cikin Hausa mai sauƙi, a rubuta su da boko da ajami, a gwada su a kasuwa da tasha kafin a buga. Mu kuma ɗalibai, maimakon mu taru duka a kan nazarin waƙa, wasunmu su ɗauki fassarar irin wannan gargaɗi a matsayin kundin kammala digiri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da mai ya zube, lokacin bayani ya riga ya wuce.