Bizar Umra Ba Igama Ba Ce

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata muguwar shawara da ke yawo a majalisun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, wadda ya kamata mu yi wa taron dangi. Wai saurayi ya sayar da fulotin gado, ya yanki bizar Umra, in ya sauka Jidda ya sulale cikin takari. Wai can aiki kamar ƙasa, ɗaki kuma araha.

Ni dai na ce yaudara ce tsagwaronta. Bizar Umra ta ibada ce, ba ta halatta wa kowa aiki. Wanda ba shi da igama, da ya hango ɗan sanda gabansa ya faɗi; asibiti sai da dabara, haya sai da sunan wani. Ɗakunan arahar kuwa, ina suke? Unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina, inda mutanenmu suka daɗe suna fakewa, hukuma ta rushe su tsakanin 2021 da 2022. Ko mun manta ƙarshen 2013, da wa'adin afuwa ya cika, yadda aka tasa ƙeyar dubban baƙi zuwa gida?

Laifin na dillalan biza ne, da alhazan da suka dawo da haƙorin Makka suka ɓoye mana wuyar da suka sha. Ku ji tsoron Allah, ku faɗi gaskiya! Mai son tafiya ya nemi bizar aiki, ya karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu, ya san inda zai kwana. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.