Ƙamshin Kirsimeti Daga Ɓawon Lemu

Idan Kirsimeti ta ƙarato, kowace uwargida tana so baƙo ya shigo ya ji gida na ƙamshi. Shi ya sa wasu ke kashe kuɗi a kan turaren fesawa na gwangwani, wanda ba ya daɗewa ya gushe. A ganinmu wannan asarar kuɗi ce, domin abin da ya fi shi yana nan cikin madafa.

A Amurka akwai al'adar ɗora tukunyar ruwa a kan ƙaramar wuta, a zuba ɓawon lemu da kirfa da kanumfari, tururin ya gauraye gida. Mu ma muna da kayan nan duka. A watan Disamba lemun zaƙi na Binuwai yakan cika kasuwa, ɓawonsa kuwa juji ake kai shi, alhali a cikinsa man ƙamshin yake. Ɓawon lemu 2, kanumfari 10, sandar kirfa 1 da 'yar citta a ruwa rabin tukunya sun isa.

Ba mu raina turaren wuta na iyayenmu ba. Amma da hunturu iska a bushe take, ga ƙura, hayaƙi kuma yakan tayar wa masu asma ciwonsu. Tukunyar nan tururi take fitarwa, ba hayaƙi ba.

Sai dai a kula. Kada ruwan ya ƙone, kada a bar yara kusa da tukunyar, kuma kada a shigar da garwashin gawayi ɗaki a rufe, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, amma tana kisa.

'Yan'uwa ɗalibai, mu gwada wannan idan mun je hutu. Kuɗin gwangwani ya tafi ga shinkafar biki.