Mudun Intanet Yana Hannun Mai Sayarwa

A watan Janairu na shekarar 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta yardar wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data, muddin ƙarin bai haura kashi 50 cikin ɗari ba. Su kamfanonin ninki suka roƙa, suna kukan tsadar man dizal da faɗuwar darajar naira, aka ba su rabi. Ba mu da nufin tayar da wannan shari'a yau, gama an riga an yanke ta, kuma wanda ya ga yadda kuɗin gero da kuɗin mota suka tashi ba zai ce data ce kaɗai za ta tsaya wuri guda ba. Abin da ya dame mu daban ne. Magidanci yana biyan kuɗin intanet na gidansa wata-wata, amma in ka tambaye shi nawa aka auna masa, kuma ina abin ya tafi, sai ya buɗe maka hannu.

In mutum ya je Dawanau sayen hatsi, yana tsaye ake aunawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, in kuwa an buga gindin mudun akwai shugabannin kasuwa da za a kai wa ƙara. A cinikin data fa? Mudun yana hannun mai sayarwa, shi ke aunawa, shi ne kuma zai aiko da saƙo ran sha bakwai ga wata ya ce hatsinka ya ƙare. Ba mu ce ana tauye awo ba. Abin da muka ce, wanda ba shi da mudun kansa ba ya iya sanin an tauye ko an cika, sai dai zargi, zargi kuwa ba ya dawo da ko kwabo.

Saboda haka abin da ya fara wajaba a kan mai gida shi ne ya san ma'aunin. Giga ɗaya mega dubu ce, ko da ɗan ɗori. Saƙon rubutu ba ya cin kome, ko yini mutum ya yi yana yi. Murya ta fi shi ci, hoto ya fi murya, amma bidiyo shi ne kuran gidan. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa guda da hoto matsakaici yana cin wajen giga 1, da hoto mai kyau har giga 3, da mafi kyawun duka kuwa har giga 7. To, mai karatu, ɗauki alkalami. Gidan da ake kunna talabijin awa uku kowane dare da hoto mai kyau ya sha giga 9 kafin a kwanta, watau giga 270 a wata, tun ba a taɓa wayar uwargida da ta yara ba. In aka rage kyan hoton zuwa matsakaici, sai lissafin ya sauko giga 90. Wasan da aka kalla ɗaya ne, ba a rage ko minti guda ba.

Nan ne kuma asirin kukan da mutane suka yi ta yi tun da aka tashi daga 3G zuwa 4G, cewa data ta daina albarka. Yawancin manhajojin kallo su ke zaɓar wa kansu kyan hoto, gwargwadon ƙarfin layin da suka samu. In hanya ta yi faɗi sai su ɗebo mafi nauyi, ba su shawarci mai biya ba. Maganin yana cikin saitin manhajar, aikin minti biyu ne, amma wa ya taɓa gaya wa dattijo haka ran da aka sayar masa da na'urar?

Akwai kuma masu ci da dare. Waya takan sabunta manhajojinta da kanta, takan kwashe hotunan biki ta aika ma'ajiyar kamfani, Facebook da TikTok sukan kunna bidiyo tun ba a taɓa shi ba, zaurukan WhatsApp na dangi da na abokan makaranta kuwa kowane wa'azi da kowane barkwanci sai ya sauko, a kalla ko kada a kalla. Sa'an nan ga kalmar sirri, wadda yaro ya ba abokinsa, abokin ya ba mai shagon ƙofar gida. Ba mu hana kyauta ga maƙwabci ba, haƙƙinsa babba ne, sai dai kyauta ita ce wadda mai ita ya san ya yi. Shawararmu, a ɗauki wata guda cur ana awo kafin a je ciniki. Kowace waya tana nuna abin da kowace manhaja ta ci, na'urar rarraba intanet ta gida tana nuna wayoyi nawa ke rataye da ita, kuma tun 2023 lambar duba ragowar data ɗaya ce a dukan layuka, watau *323#. A rubuta abin da ya rage kowace Juma'a a bayan kalanda. Ran da wata ya cika, mai gida ya sami mudunsa.

Yanzu sai mu zo ga kalmar da ta fi kowace daɗi a allon talla, wai intanet “mara iyaka”. Da yawa daga irin wannan ciniki suna da iyaka, tana nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe cikin sharuɗɗa, da Turancin lauyoyi. In gida ya kai wani adadi na giga ba a yanke layin ba, amma sai a shaƙe shi, gudun ya koma tafiyar hawainiya har wata ya ƙare. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne, amma fa in an gaya masa rariya ce. Wanda aka miƙa wa rariya da sunan ƙwarya yana da bakin magana. Kada a biya sai an tambayi abu biyu, a kuma ga amsar a rubuce: a giga nawa ake rage gudu, kuma zuwa nawa ake rage shi.

Shi ma gudun akwai zamiya a cikinsa. In an rubuta “har zuwa” kaza, to, ƙololuwa aka faɗa, ba abin da za a samu bayan sallar isha'i ba, lokacin da unguwa duka ta hau turken sadarwa guda. Kuma da megabit ake tallan gudu, alhali da megabayit ake auna data, takwas na farkon ne ke yin ɗaya na biyun. Layin megabit 10 ke nan mega ɗaya da kwata yake kawowa a daƙiƙa, in ya cika alkawari.

Wajen kwatanta farashi, kada a dubi jimla, a raba kuɗin da yawan giga. A misali, a ce wani ya sa giga 100 a naira 20,000, wani kuma giga 60 a naira 15,000. Na biyun ya fi sauƙin fitarwa daga aljihu, amma gigarsa naira 250 ce, ta na farkon 200. Sai dai in gidanka giga 50 yake ci, kuma ragowar tana mutuwa da ƙarewar wa'adi, na biyun ne naka. A lura da garaɓasar da ba ta aiki sai tsakar dare, da na'urar da aka kulle ba ta karɓar layin kowa sai na mai ita. Mafi muhimmanci, a sayi ɗan ƙaramin awo na mako guda a gwada shi a cikin ɗakin da za a yi aiki da shi, gama layin da ke gudu a Sabon Gari yana iya durƙushewa a cikin Birni. Ba a cinikin biri a sama. Wanda wayar gilashi, wadda ake kira faiba, ta iso titinsu, ya fara tambayar ta. Starlink, mai zuwa ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, yana kuwa kai wa inda turke bai kai ba, amma kuɗin kayansa da na wata ba na kowane gida ba ne, kuma yana son wuta tsayayya. Tun 2013 kuma mutum yana da ikon ƙaura da lambarsa daga wani kamfani zuwa wani, ba sai ya zauna inda ba a kyauta masa ba don tsoron rasa lamba.

Amma kada mu ɗora wa magidanci kayan duka. Ba a zaɓe sai da abin zaɓa, a garuruwanmu da yawa na Arewa kuwa mai saye yana tsakanin layi biyu ne ko uku masu raunin iri ɗaya. Dalili a fili yake. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na 2022, a Ikko suka sauka, kuma kafin ƙarfinsu ya iso Katsina ko Maiduguri sai an haƙa rami na ɗaruruwan kilomita an binne faiba. Jihohi da yawa suna karɓar kuɗin izinin haƙa. An daidaita a kan naira 145 kowace mita, Jihar Kaduna ma ta yafe shi ɗungum a 2020. Muna roƙon gwamnonin da ba su bi wannan sawu ba su duba, domin abin da baitulmali ya karɓa yau a bakin rami, talakan jihar ne zai biya shi shekara da shekaru. Haka kuma a ja kunnen 'yan kwangilar hanya, waɗanda katafilarsu ke tsinke wayar da aka sha wahalar binnewa.

Ita Hukumar NCC ta yi abin yabo. A 2018 ta umarci kamfanoni su riƙa haɗa wa mutum ragowar datarsa da sabuwa in ya sabunta cikin wa'adi, ta kuma hana a sabunta masa ba da yardarsa ba. A 2024 ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa tsarin farashi don mai saye ya gane abin da yake saye. Saura ƙiris. Muna so duk tallan da ya ce “mara iyaka” ya faɗi iyakar da baƙaƙe masu girman na farashin, kuma in da Hausa aka yi tallan a rediyo, a faɗi sharaɗin da Hausa, da muryar da aka faɗi garaɓasar, ba a guje a ƙarshe ba.

Kafin a kai ga haka, wanda ya auna ya ga awonsa da na kamfani sun saɓa, ya kira 300, lambar sashen kula da masu hulɗa ta dukan layuka, ya karɓi lambar ƙorafinsa ya adana. In ba a share masa hawaye ba, ya kira Hukumar a 622, kyauta ne, yana riƙe da kalandar nan da ya yi rubutu a bayanta.