Kada mu dusashe garinmu a bayan fuskokinmu

A bikin aure ko suna a Iku ta Suleja, hoto iri ɗaya matasa ke ɗauka: fuska tar, bayanta hazo. Manhajar waya ce ke kwaikwayon babbar kyamara, wadda kan dusashe baya idan aka buɗe ƙofar haskenta sosai, aka kuma matso kusa da mutum.

Dabarar tana da muhallinta. In kwalliyar amarya ake son fitarwa, a taɓa idonta a fuskar wayar, sauran ya dushe. Abin damuwa shi ne ta zama yayi, ana yin ta ba tunani.

Garin nan ne Abuja ta asali kafin sabon babban birni ya karɓi sunan, kuma kamanninsa na sauyawa kullum. Jikokinmu za su nemi zaurukanmu, kasuwarmu da gaɓar kogin Iku a hotunanmu, su tarar da hazo.

Don haka mai ɗauka ya riƙa tambayar kansa: mutum nake adanawa, ko mutum da garinsa? In na biyun ne, ya kashe dusashewar, ko ya tsuke ƙofar haske, ya ɗan ja da baya. Gobe hoton nan shaida ne.