Kuɗin ɗaure jirgi a Landan: An gudo wa hayar gida, an faɗa hayar ruwa

A Birtaniya, sayen ƙaramin jirgin ruwa ya fi samun inda za a ɗaure shi sauƙi. Jirgi sau ɗaya ake saya. Gurbin da zai tsaya kuwa haya ce ta kowace shekara, kuma a tsakiyar birnin Landan gurbin da aka yarda mutum ya zauna a cikin jirginsa na iya haura fam 10,000 a shekara.

Wannan tsada ta sa dubban mutanen da jirgi ne gidansu suka haƙura da gurbi na dindindin. Suna yawo a kan ruwa, suna sauya matsaya duk mako biyu kamar yadda doka ta tanada. Tun daga watan Afrilun 2024 kuma, hukumar da ke kula da hanyoyin ruwan ta fara cajin su ƙarin kuɗi a kan lasisi, saboda kawai ba su da gurbi.

Wannan mataki kuskure ne. Hukumar na bukatar kuɗi da gaske, amma ta miƙa hannu zuwa aljihun da ya fi kowanne rauni.

Yadda ake lissafin kuɗin gurbi

A tashoshin ƙananan jiragen ruwa, da tsawon jirgi ake yin ciniki. Ana sa farashi a kan kowace mita ko kowace ƙafa, sannan a ninka da tsawon jirgin. Mai dogon jirgi ya fi biya, mai faffaɗan jirgi ma haka, tunda yana cin wurin da jirage biyu za su iya tsayawa. Kuɗin wutar lantarki yawanci daban yake.

Abin da ya fi ɗaga farashi shi ne wurin da tashar take. Gurbin jirgi mai tsawon ƙafa 57 a wata tasha ta karkara a tsakiyar Ingila kan kama fam dubu biyu zuwa huɗu a shekara. Idan aka kawo wannan jirgi cikin Landan, kuɗin sai ya ninka sau uku ko fiye. Ruwan iri ɗaya ne, igiyar ɗaurewa iri ɗaya ce. Abin da mai jirgi ke biya shi ne kusanci da wurin aiki, da tashar jirgin ƙasa, da makaranta. Wato kuɗin gurbi yana bin sawun kuɗin fili da hayar gida na unguwar da ke bakin ruwan.

Akwai kuma bambanci tsakanin gurbin shaƙatawa da gurbin zama. A na farko, mutum zai ajiye jirginsa ya riƙa zuwa lokaci-lokaci. Na biyu shi ne wanda ƙaramar hukuma ta ba izinin a mayar da shi mazauni, yana da adireshi, ana biyan harajin ƙaramar hukuma a kansa. Irin wannan gurbi kaɗan ne ƙwarai, masu nema kuma sun yi yawa. Wasu tashoshin suna da jerin masu jira na shekaru, wasu guraben kuma a gwanjo ake sayar da hayarsu ta intanet, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka.

Dalilin da mutane suka koma kan ruwa

Hanyoyin ruwan Ingila haƙa su aka yi domin dakon kaya. An buɗe mashigin Bridgewater a 1761 domin kai gawayin kwal zuwa Manchester, an kammala mashigin Regent's na Landan a 1820. Saboda ƙofofin ruwan da ke ɗaga jirgi ko sauke shi matsattsu ne a wurare da dama, sai aka riƙa ƙera jirage siriri, faɗinsu bai kai ƙafa bakwai ba, tsawonsu na iya kai wa ƙafa 70. Da jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, sai jiragen suka koma na yawon shaƙatawa, wasu kuma suka zama gidaje.

A shekarun baya-bayan nan hayar gida ce ta tura mutane da yawa kan ruwa. A 2024 matsakaicin kuɗin haya a Landan ya wuce fam 2,000 a wata. Ga ma'aikacin jinya, ko malamin makaranta, ko matashin da ya fara aiki, tsohon jirgi mai ɗaki ɗaya da murhun itace ya zama mafita. Yawan jiragen da ke kan hanyoyin ruwan Landan ya ninka kusan sau biyu a cikin shekaru goma daga 2010, daga wajen 2,000 zuwa sama da 4,000.

Mai jirgin da ba ya da gurbi bai karya doka ba. Dokar hanyoyin ruwa ta Birtaniya ta 1995 ta ba mutum damar samun lasisi ba tare da gurbi na dindindin ba, da sharaɗin zai riƙa tafiya da jirgin da gaske, kuma ba zai wuce kwana 14 a wuri guda ba sai da uzuri mai ƙarfi. Hukumar ta kan sa ran jirgi ya yi zirga-zirgar da ta kai nisan mil 20 ko fiye a tsawon shekara. Wanda ya gaza, ana iya rage masa wa'adin lasisi ko a hana shi sabuntawa, kuma jirgin da ba ya da lasisi ana iya fitar da shi daga ruwa.

Rayuwar ba ta hutu ba ce. Duk mako biyu sai an kwance igiya an nemi sabuwar matsaya, ko ana ruwan sama ko ana ƙanƙara. Sai an bi layi a famfon cika tankin ruwa, sai an kai bahaya wurin zubarwa. Mai yara a makaranta yau yana kusa, wata mai zuwa yana can nesa. Rashin adireshi na kawo wahala wajen hulɗa da banki da yin rajista a asibiti. Akwai waɗanda suka zaɓi wannan rayuwa don suna son ta. Akwai kuma da yawa da za su karɓi gurbi gobe da safe idan kuɗinsa ya zo daidai ƙarfinsu.

Hujjar hukuma

Gidauniyar Canal & River Trust ce ke riƙe da hanyoyin ruwa masu tsawon kusan mil 2,000 a Ingila da Wales. Ta gaji aikin daga hukumar gwamnati ta British Waterways a 2012. Nauyin da ke kanta babba ne: ƙofofin ruwa sama da 1,500, gadoji kusan 3,000, da tafkunan adana ruwa sama da 70, yawancinsu gine-gine ne da suka kusa ko suka haura shekara 200.

Haɗarin sakaci da su ba zance ne na baka ba. A watan Agustan 2019 wani ɓangare na bangon madatsar ruwa ta Toddbrook ya zube bayan mamakon ruwan sama, aka kwashe mutane kusan 1,500 daga garin Whaley Bridge don tsoron ambaliya. Gyaran irin wannan madatsa na cin miliyoyin fam.

A gefe guda kuma tallafin gwamnati na ja da baya. Gidauniyar na karɓar fam miliyan 52.6 a shekara, adadin da aka tsayar wuri guda duk da hauhawar farashi. A watan Yulin 2023 gwamnati ta sanar cewa daga 2027 tallafin zai riƙa raguwa da kashi 5 cikin 100 kowace shekara har tsawon shekara goma. Gidauniyar ta ce hakan na nufin giɓin sama da fam miliyan 300 idan aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi.

A wannan yanayi ne ta ƙara kuɗin lasisi ga kowa, sannan ta ɗora ƙari na musamman a kan marasa gurbi: kashi 5 cikin 100 a 2024, yana hawa kowace shekara har ya kai kashi 25 a 2028. Ta kuma ƙara wa masu faffaɗan jirgi, inda mafi faɗi za su kai ƙarin kashi 50. Hujjarta ita ce marasa gurbi sun fi kowa amfani da ƙofofin ruwa, da famfuna, da wuraren zubar da shara.

Masu biyan kuɗin gurbi ma suna da nasu ƙorafin. Suna ganin wasu jirage da ke kai-komo tsakanin gadoji biyu a unguwa ɗaya, suna cin moriyar zama a Landan ba tare da biyan sisin gurbi ba, alhali su suna zuba dubban fam. Wannan ƙorafi ne da ya cancanci amsa.

Inda hujjar ta yi rauni

Na farko, doka ce ta tilasta wa marasa gurbi yin tafiya. Idan suka zauna wuri guda a hukunta su, idan suka yi tafiya a ce sun fi kowa goge ƙofofin ruwa, su biya ƙari. Ba a tilasta wa mutum abu sannan a ci shi tara don ya bi umarni.

Na biyu, mallakar gurbi ba ta nuna yawan amfani da ruwa. Mai gurbi na iya kwance jirginsa ya yi wata shida yana zagaya ƙasa, ya ratsa ɗaruruwan ƙofofin ruwa, ba a ƙara masa ko kwabo. Idan amfani ake son caji, sai a auna amfani. Ƙarin da aka yi wa faffaɗan jirage ya fi ma'ana, domin girman jirgi abu ne da ake gani, kuma yakan tafi da ƙarfin aljihun mai shi.

Na uku, kuɗin ba zai toshe ramin ba. Jiragen da ke da lasisi sun kai wajen 35,000, kuma marasa gurbi kusan kashi ɗaya cikin biyar ne. Lasisin matsakaicin jirgi ya ɗan haura fam 1,000 a shekara. Idan na mutum fam 1,200 ne, kashi 25 ya zama fam 300. Ko da jirage 7,000 suka biya hakan, abin da za a tara ya ɗan wuce fam miliyan biyu ne a shekara, a gaban giɓin ɗaruruwan miliyoyi. Ga gidauniya, ɗigo ne a cikin randa. Ga ɗan fanshon da ke zaune a tsohon jirgi, kuɗin gawayin ɗumama ɗaki ne na wani ɓangare na hunturu.

Na huɗu, gidauniyar kanta mai ba da hayar gurabe ce. Tana da dubban gurabe a bakin ruwa, tana sayar da izinin tsayawa na watannin hunturu, tana kuma karɓar wani kaso daga tashoshi masu zaman kansu da ke haɗe da hanyoyinta. Duk matakin da ya matsa wa mara gurbi ya nemi gurbi, ƙarin ciniki ne gare ta. Wannan ba ya nufin an yi abin da mugun nufi, amma ya isa ya sa masu jirage su yi zargi. Ƙungiyar National Bargee Travellers Association, wadda ke kare muradun masu zama a jirgi ba tare da gurbi ba, ta yi adawa da ƙarin, kuma masu jirage sun yi gangami a Landan a kansa.

Abin da ya fi dacewa

Masu kai-komo tsakanin gadoji biyu, dokar kwana 14 na nan, jami'an sa ido na nan suna rubuta lambobin jirage. A hukunta wanda ya karya ta. Laifin wani ba ya zama dalilin ƙara wa kowa kuɗi.

Sai kuma asalin matsalar, wato ƙarancin gurbin zama mai sauƙin kuɗi. Ƙananan hukumomin Landan suna ba da izinin gina dogayen benaye a bakin ruwa, kuma kamfanonin gine-gine na sayar da ɗakunan da tsada saboda suna kallon ruwa. Kamar yadda ake gindaya musu sharaɗin ware gidaje masu rahusa, haka ya kamata a gindaya musu samar da gurabe, da famfuna, da wuraren zubar da shara ga masu jirage. Wani kaso na guraben gidauniya kuma a cire shi daga gwanjo, a sa masa farashi tsayayye ga waɗanda jirgi ne kaɗai mazauninsu.

Babban nauyin kuwa na gwamnati ne. Miliyoyin mutane ne ke tafiya da ƙafa, ko hawa keke, ko kamun kifi a bakin waɗannan ruwaye. Hanyoyin na kwashe ruwan sama, madatsun na tsare garuruwa. Masu jirage 35,000 ba za su iya ɗaukar nauyin kadarar ƙasa baki ɗaya ba, balle kashi ɗaya cikin biyar nasu da suka fi ƙaramin ƙarfi.

Akwai lissafin da ya kamata gwamnati ta yi tun kafin 2027. Iyalin da tsada ta kora daga jirgi ba ɓacewa za su yi ba. Ƙofar ƙaramar hukuma za su ƙwanƙwasa su nemi matsuguni, a birnin da tuni dubban iyalai ke zaune a masaukai na wucin gadi da kuɗin jama'a. Abin da za a kashe a kansu a wata guda ya fi abin da ƙarin lasisin zai kawo daga hannunsu a shekara. A janye ƙarin da aka ɗora wa marasa gurbi, a bar na faffaɗan jirage, sannan gwamnati ta sake duba tallafin da ta yanke.